Aure Biyu a Cikin Kwali

Idan baƙo ya tambayi Baba sana'ata, amsa ɗaya yake bayarwa: "Yana taɓa kwamfuta." Daga nan sai ya sako wata maganar, ko ta damina ko ta tsadar shadda. Shekara goma ke nan da na gama karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero, amma amsar nan ba ta ƙaru da ko kalma ɗaya ba. Da can ina jin haushi. Daga baya na gane ba raini ba ne. Iyakar abin da ya gani da idonsa ke nan, shi kuwa Baba ba ya ba da shaidar abin da bai gani ba.

Baba tela ne, ya haura shekara arba'in a kan keken ɗinki. In magariba ta yi, aikinsa na rataye a bango, kowa ya shigo zai iya ƙirgawa: manyan riguna biyu, kaftani uku, wandon ɗan makaranta. Wanda ya sa rigar ranar Sallah ya san wanda zai gode wa, in kuma wuya ya matse shi ya san wanda zai zo ya yi wa ƙorafi. Ni kuwa sai in wuni a ɗaki tun safe har dare, in fito da jajayen idanu, hannuna ba komai.

Ga shi kuma ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" ne in muna tare, "yaron nan" in ba na wurin. Ba mu saba zama hira ba, ba ya yabona, ba ya tambayata abin da ke damuna. Haka aka rene shi, haka ya rene ni, kuma ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin rashin ƙauna ba. Sai dai akwai maganganun da suka yi shekaru suna neman hanya tsakaninmu ba su samu ba.

Sana'ata rubuta manhaja ce. Tun 2020 nake yi wa wani ƙaramin kamfani da ke Jamus aiki daga shagona na ƙofar gida a cikin birnin Kano, ban taɓa taka ofishinsu ba. Manhajarmu ƙananan 'yan kasuwa ne ke amfani da ita wajen fitar da rasit da lissafin bashi. Ni ɓangaren da ba a gani nake kula da shi, wato uwar garke, inda lissafi ke gudana bayan mutum ya danna maɓalli a wayarsa.

Kafin in buɗe laftof da safe, abu uku nake dubawa: cajin batir, sauran data, da yanayin sama. Duk mai irin aikina a garin nan dole ya zama ƙaramin injiniyan lantarki. Na san wat nawa fankata ke ci, na san ranar da hazo ya rufe gari sola ba za ta cika batir ba, na san in goge ƙurar hunturu daga kan farantan kafin rana ta ɗaga. Layukan kamfanonin waya biyu nake ajiyewa, in wannan ya yi gardama in koma wancan. Kullum muna taron minti goma sha biyar ta bidiyo, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Lokacin sanyinsu agogonmu da na Jamus ɗaya ne, amma Lahadin ƙarshe ta watan Maris sukan tura nasu gaba da awa guda, sai ƙarshen Oktoba su dawo da shi. Don haka taron tara da rabi yakan koma takwas da rabi a wurina, in sha kokona a tsaye.

Masu kallon fina-finai suna zaton yatsunmu gudu suke yi a kan maɓallai, koren rubutu na zuba a allo. Gaskiya rabin yinina karatu ne. Ina karanta abin da wani ya rubuta shekara uku da suka wuce, ina neman inda ya yi kuskure, sau da yawa kuma in na duba sunan mai laifin sai in ga nawa ne. Akwai ranar da na kwashe awa shida ina bin sawun matsala ɗaya: sunan wani abokin ciniki yana fitowa a rasit da alamar tambaya a tsakiya, saboda harafin ü na Jamusanci. Ashe gyaran layi ɗaya ne, a gaya wa ɓangaren da ke fitar da rasit ya karanta rubutu da tsarin UTF-8. Da na gyara sai na gwada da namu haruffan masu ƙugiya, na rubuta Ɗanladi, na rubuta Ƙanƙara, na ga sun fito tsaf. Daɗi ya kama ni kamar an yi mini bushara. Na waiga, ba kowa a ɗakin sai fanka.

In an tashi daga aiki fa? A wancan lokacin hutuna ma allo ne. In rufe laftof in buɗe wasan ƙwallo a PlayStation, in ajiye shi in ɗauki waya in shiga musun Firimiya da mutanen da ban taɓa gani ba. Ranar Asabar kuma in koma kan manhajojin kaina, guda bakwai da na fara ban gama ko ɗaya ba. Abokaina na majalisa sun gaji da aiko yaro kirana, sun daina. Ɗaurin aure sai in tura gudummawa ta waya in ce aiki ya riƙe ni.

A farkon 2022 jikina ya ƙi. Barci ya ƙaurace mini, ciwon kai ya zama abokin zama, in na kwanta sai in ji zuciyata na bugawa a cikin kunne. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna jinina, ta dube ni, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Likita ya tambayi shekaruna, na ce talatin. Ya ce, "In ba ka aiki, me kake yi?" Na buɗe baki, na rasa abin faɗa. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki, in nemi abin yi wanda ba ya amfani da caji.

Umma ta yi ta faɗa, ta ce dama ta faɗa, wannan zaman ɗaki ba na lafiya ba ne. Baba bai ce uffan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da kwali a hannu, an huda masa ƙofofi a gefe. Ya ajiye a bakin shagona.

"Ga su nan, aure biyu ne," in ji shi. "In sun mutu, kai ka kashe su."

Ya shige ciki. Na buɗe kwalin, tattabaru huɗu suka zuba mini ido, biyu farare, biyu masu ruwan toka.

A wurin Umma na ji sauran labarin. Ashe Baba da yana saurayi yana da tattabaru sama da arba'in, duk unguwa an san shi da su. Shekarar da zai yi aure ya kwashe su kaf ya sayar, ya cika kuɗin keken ɗinkinsa na farko. Tun daga nan bai sake kiwo ba, bai kuma taɓa ba mu labarin ba.

Na tunkari kiwon yadda na saba tunkarar komai. Na karanta duk abin da na samu a intanet, na buɗe jadawali a kwamfuta, kowace tsuntsuwa da lambarta. Kafinta ya haɗa mini ɗaki na katako da raga a jikin bangon ƙofar gida, daura da tagar shagona. Sai kuma na ga cewa fita sau biyu a rana zuba hatsi ɓata lokaci ne ga wanda ya iya abin da na iya. Na yi odar ƙaramin allon Arduino da ɗan inji mai juyawa, na yanka robar ruwa, na kwana biyu ina haɗawa. Ƙarfe bakwai na safe da huɗu na yamma injin zai buɗe, gero ya zubo daidai awo, ya rufe. Ya yi aiki kuwa, ko sau ɗaya bai saɓa ba. Na ɗauki bidiyo na tura wa abokan aikina, suka yi ta yabo. Baba ya zo wucewa, ya tsaya ya kalli injin yana zuba gero, ya wuce.

Bayan sati uku na buɗe musu ƙofa su sha iska. Masu ruwan tokar suka yi shawagi suka dawo. Fararen suka tashi, ban sake ganinsu ba sai bayan kwana huɗu, a kan katangar wani gida a bayan layinmu, cikin garken wani yaro ɗan shekara goma sha uku. Na je da fara'ata. Yaron ya ce, "Wallahi Yaya ban kama su ba, su suka zo da kansu." Ya kamo mini su da daddare. Na sake kulle su sati biyu, na buɗe, suka sake komawa wurinsa.

Na kai ƙara wurin Baba, na ce ban gane ba, abinci ba ya yanke musu, ruwa ba ya yanke musu.

"Hatsi ai ko a bakin kasuwa za su samu," in ji shi. "Kai suka nema ba su gani ba. Ƙyale wa yaron."

A daren na cire injin. Yana nan a cikin kwali har yau, tare da sauran manhajojin da ban gama ba.

Washegari bayan sallar asuba na fito da kwano a hannu, sai na tarar da Baba zaune a kan benci kusa da ɗakin tattabarun, yana jan carbi. Bai ce ya zo koya mini komai ba. Magana yake yi kamar da bango yake yi. Ba a sakin sabuwar tattabara sai ta yi ƙwai, don ƙwan ne igiyarta. A riƙa yi musu fito iri ɗaya duk lokacin zuba hatsi, har su haɗa sautin da mutum. A jefa 'yar kanwa a ruwansu. A sa musu tsakuwa ƙanana da yashi. Kafin a duba tsuntsu a fara duba kashinsa, shi ne ke fara faɗin ciwo. Ya sa na fitar da akwatunan katako na kwanciya, aka kawo tsofaffin tukwanen ƙasa, ya ce sun fi sanyi.

Haka na shiga wata makarantar. Na ga da idona cewa ƙwai biyu tattabara ke yi, ta yi kwanci wajen kwana 18, kuma ba ita kaɗai ke yi ba: namijin yakan karɓe ta da hantsi ya zauna har la'asar, ita ta kwana a kai. In sun ƙyanƙyashe, uwa da uba duk suna ɗura wa 'ya'yan wani farin abu mai kauri daga maƙoshinsu kafin su fara ba su hatsi. Na lura ba sa shan ruwa irin na kaza, a ɗiba a ɗaga kai. Su tsoma baki suke yi su zuƙa. Duk wannan na riga na karanta shi, amma ranar da na ga ɗan shila na farko, tsirara, da manyan idanu a rufe, yana rawar sanyi a tafin hannuna, na san gani ya kori ji.

A aikina akwai komawa baya. Duk canjin da muka yi muna ajiye tarihinsa a Git, in abu ya lalace sai a koma yadda yake jiya, kamar ba a yi ba. Shekarun da na yi a haka sun sa na saba da kuskuren da ba ya barin tabo. Wani dare a daminar farko na tsaya gyaran wata matsala har ƙarfe biyu, na manta ban sa sakatar ɗakin tattabarun ba. Muzuru ya shiga. Da asuba na tarar da gashi a warwatse, 'yan shila biyu babu su, uwar kuma a ƙasa da tsagaggen ƙirji, tana numfashi da ƙyar. Baba ya dube ta, ya miƙo mini wuƙa, ya ce in yi sauri kada ta zama mushe. Hannuna na rawa na yanka ta. Namijin ya yi kwana da kwanaki yana kuka a bakin tukunyar.

Tun daga ranar nake rufe laftof in an kira magariba, sai in wata gagarumar matsala ce ta taso. Ba likita ne ya sa ni ba. Akwai ƙofar da sai na rufe da hannuna, in ƙirga kawuna kafin in rufe ta. Barci ya dawo a hankali. Na koma majalisa, saboda a can ake sanin mai neman musayar namiji da mace da mai sayar da gero da sauƙi. Yaron bayan layi ya zama malamina na biyu, shi ya samo wa namijin nan sabuwar mata.

Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, muna azumi na huɗu, intanet ya fara tafiyar hawainiya da hantsi, a wurina ma ya tsaya cik. Na koma ɗaya layin, duk kanwar ja ce. Da ƙyar na tura wa shugabana saƙo ɗaya. Daga baya aka ji cewa wasu manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku ne suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, abin ya taɓa ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Na fito na zauna a bencin. Can sai ga Baba ya dawo daga shago da wuri, rana ta yi masa yawa.

"Yau ba a taɓa kwamfutar ne?"

"Waya ce ta tsinke, Baba."

"To a kira mai gyara mana."

"A ƙarƙashin teku take."

Ya dube ni ya ga ba wasa nake yi ba, sai ya zauna. Ya ce shi a zatonsa a iska abin yake tafiya. Na ce daga waya zuwa ƙarfen sabis ne kawai a iska, daga nan sai ya bi ta cikin wasu siraran zaruruwa na gilashi, kaurin kowanne bai wuce gashin kai ba, haske ne ke gudu a ciki, daga nan har Legas, daga Legas ya nutse a teku har Turai.

"Zare ke nan," in ji Baba.

Na ba shi labarin abin da aka yi a Afirka ta Kudu a 2009, inda wani kamfani da ya gaji da jan ƙafar intanet ya ɗaura wa wata tattabara mai suna Winston katin ajiya mai gigabait 4 a ƙafa, aka sake ta ta yi tafiyar wajen kilomita 80 zuwa Durban. Da tashinta da sauke bayanan duka awa biyu da 'yan mintoci aka yi, a lokacin kuwa intanet kashi 4 cikin 100 kawai ya tura. Baba ya yi dariya har da tari. Ya nuna garken da haɓa ya ce, "To ga ma'aikata nan kana ciyarwa a banza."

Sai ya yi shiru, sannan ya yi tambayar da na yi shekaru ina jira. "Wai shi aikin, yaya yake?"

Na ce mutum ne zai zo ya faɗi irin abin da yake so. In yi masa tambayoyi, kamar ɗaukar awo. In zana, in yanka aikin gunduwa-gunduwa, in haɗa. In ya zo gwaji sai ya ce ba haka yake nufi ba.

"Sai ka farke."

"Sai in farke."

"Kuma ya ce gobe yake so."

"Jiya ma yake so, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ashe kai ma tela ne. Allah Ya ba ka haƙuri da jama'a."

Muna nan zaune har aka kira la'asar. Ban tuna ranar da muka taɓa yin hira mai tsawon wannan ba.

Amma unguwa ba ta zauna a bencin nan tare da mu ba. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba ta haura 1,500 a farkon 2024. Albashina da kuɗin Turai ake biya, don haka a daidai lokacin da maƙwabta ke rage kwanon tuwo, ni nawa lissafin hawa yake yi ba tare da na ƙara ko awa ɗaya ta aiki ba. Abin bai taɓa kwanta mini a rai ba, kuma na san ana gani. Na sake rufin gidanmu, na ƙara farantan sola. A watan Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda ba wutar lantarki, shagona ya koma wurin caji, wayoyi har kan katifa. Kowa ya shigo ya ga alluna biyu, da baƙin rubutu na Turanci, da na'urar sauraro a kunnena.

A lokacin ne maganar aurena ta kai matakin bincike. Mai shayin bakin layinmu da kansa ya gaya mini an zo an tambaye shi. Ya ce shi gaskiya ya faɗa: ba ya fita aiki, ba ya rasa kuɗi, kullum yana magana da Turawa. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san sunan da ake ba mai wannan siffa. Bayan kwana biyu yarinyar ta kira ni tana kuka, ta ce mahaifinta ya ce a dakata, ba zai ba ɗan yahu 'yarsa ba.

Na tura takardar ɗaukata aiki da takardun albashi. Aka ce takarda kowa zai iya bugawa. Ban iya musu ba, don na fi su sanin haka. A karon farko na ji abin da Baba yake ji in an tambaye shi sana'ata: ba ni da abin da zan ɗaga in ce ga shi.

Wata Asabar da hantsi kawunta ya yi sallama da Baba. Ashe tsohon mai kawo masa ɗinki ne. Suka zauna a soro, ni ina shago, tagata a buɗe. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, maganganu muka ji. Yaron nan, mece ce sana'arsa?"

"Yana taɓa kwamfuta," in ji Baba.

Gabana ya faɗi.

"Abin da ke cikinta ban sani ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma taso ka ga wani abu."

Na ji takunsu har bakin ɗakin tattabarun.

"Huɗu na ba shi, biyu suka gudu saboda wautarsa. Ƙirga."

Kawun ya ƙirga ashirin da shida.

"Ban da waɗanda aka yanka wa marasa lafiya da masu jego. Shekara biyu da rabi ke nan. Sau ɗaya ya manta bai rufe ƙofar nan ba, bai sake ba. Kullum daga masallacin asuba nan yake yowa. Tsuntsu ne, Malam, fukafukinsa na jikinsa, ba wanda ya ɗaure shi. In gida bai yi masa ba tafiya yake yi. Iyakar abin da na sani ke nan, sauran ku bincika."

Ina zaune a gaban allo, rubutu ya dushe mini. A shekara talatin da biyu, wannan ne yabo na farko da na ji daga bakin mahaifina, shi ma ba ni ya gaya wa ba, kuma da tattabaru ya fake.

Ba zan ce tattabara ce ta yi mini aure ba. Kawun mutum ne mai hankali, bayan sati ɗaya ya turo ɗansa da ya karanta irin abin da na karanta, ya wuni a shagona, ya ga taronmu, ya ga aikin da nake yi, ya koma ya ba da rahoto. Amma na san abin da ya sa aka ga ya dace a turo shi, maimakon a rufe maganar.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallar 2025. Na kama haya a wata sabuwar unguwa a wajen gari, inda layin intanet ya fi ƙarfi, na sa aka gina ɗakin tattabaru mai kyau tun kafin a kawo kayan ɗaki. Na ɗauko aure uku daga cikin waɗanda na fi so. Baba yana kallo ina sa su a kwali, bai ce komai ba. Na kulle su wata guda cur, ina yi musu fito safe da yamma. Ba su yi ƙwai ba, amma na ce ai sun san ni. Na buɗe ƙofa wata safiya, suka tashi, suka zaga gidan sau biyu, suka miƙe gabas.

Kafin azahar ƙanwata ta kira. "Yaya, baƙinka sun iso." A bayanta ina jin muryar Baba yana cewa a ƙara gero.

Ban sake gwadawa ba. Yanzu kullum in na idar da sallar asuba sai in hau babur in nufi cikin gari, tafiyar minti ashirin kafin titi ya cika. Ina tarar da shi a kan bencin. Idonsa ya fara rauni, ya rage zuwa shago, sai ƙananan gyare-gyare da yake yi a gida. In buɗe ƙofa, in yi fito, su sauko. In wanke kaskon ruwa, in leƙa tukwane. Wani lokaci sai ya miƙo mini allura da zare ba tare da ya dube ni ba, in zura in mayar masa.

Jiya na daɗe a tsugune ina duba wani ɗan shila da ƙafarsa ta ƙi miƙewa. Baba ya ɗaga kai ya kalli inda rana ta kai a jikin katanga.

"Kai, takwas ta gota," in ji shi. "Tashi kada masu kayan su zo gwaji ba ka nan."